Bargon Akawu da Rediyo

A hawa na uku na wani bene da fentinsa ya gaji da duniya, ƙofofi biyu ne ke kallon juna, tsakaninsu bai wuce ka miƙa hannu ka karɓi aron ashana ba. Ta dama ta Akawu ce, ta hagu ta Rediyo. Ba sunayensu na gaskiya ba ne, amma ko mai kawo takardar wuta da su ya san su. Akawu ta yi aikin buga takardu a ofishin ruwa har ta yi ritaya. Mace ce mai rowar magana, idan ta ce maka "to" sau biyu a wuni ɗaya ka taki sa'a. Rediyo kuwa nas ce a da, a ɗakin haihuwa, kuma tun daga matakalar ƙasa ake jin isowarta. Akawu ce ta laƙaba mata sunan, ita kuma ta rama nan take, duk benen ya ɗauka.

Mazajensu sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya sun watse. Akawu 'ya ɗaya gare ta, tana aure can nesa, takan bugo waya ƙarshen mako ta tambayi ciwon gwiwa ta ce a sha magani. Rediyo ma ɗa ɗaya, injiniya ne a kamfanin jirgin ƙasa, yana zaune da iyalinsa a ɗaya gefen gari. Saboda haka da la'asar ta yi, sai Rediyo ta turo ƙofar Akawu da ƙafa, jakar ulu a hammata, kofin shayinta a hannu, don a cewarta kofunan Akawu na wasan yara ne. Su zauna a falo gefen taga, su yi ta saƙa har haske ya ƙare.

Bargo suke saƙawa, na babban gado, da ulu mai launin madara. Ba a saƙa irinsa gaba ɗaya. Falle-falle ake yi, kowane falle mai kusurwa huɗu, faɗinsa kamar tafin hannu biyu. Daga kusurwa ake farawa da ido uku, wato zagayen zare uku, a kan tsinken saƙa, ana ƙara ido layi bayan layi, kuma a wannan kusurwar ake fitar da ganye guda mai tudu. Idan aka ɗinke falle huɗu, ganyayen suka haɗa kai a tsakiya, sai fure ya fito. Rediyo ce ta kwaso fasalin da ido daga mayafin jaririn wata mai jego tun tana aiki, kuma tana alfahari da shi kamar ita ta fara kawo fure duniya.

Sai dai hannunsu ba ɗaya ba ne. Akawu matse zare take yi kamar zai gudu, fallenta ya fito ƙarami da tauri, sai ka ce an sa masa sitaci. Na Rediyo sako-sako, ya baje kamar tsohuwar singileti. Furen farko da suka haɗa ya karkace, suka yi ta ɗora wa juna laifi har shayi ya huce. Daga baya suka gano dabara: kowane fure, biyu na Akawu biyu na Rediyo, a jera su a gicciye, kada hannu ɗaya ya zauna kusa da ɗan'uwansa. Mai tsauri ya riƙe mai sako-sako, mai sako-sako ya ba mai tsauri wuri, furen ya kwanta luf. Tun daga ranar haka suke yi.

"To wai wa zai rufa da shi in an gama?" in ji Akawu wata rana.

"Wadda aka bari," in ji Rediyo. "Duk wadda ta riga 'yar'uwarta tafiya ta yi asara. Kuma ni ce mai bargo, ki rubuta ki ajiye. Mutum bai magana, bai dariya, ai takaici ne zai kashe ki."

"Ke kuma iska za ta ƙare miki."

"Ji bakinta! Ashe akwai harshe a ciki."

Bargon ya kusa kammaluwa lokacin da abin ya faru. Fure biyar ne a faɗinsa, a tsawo kuma saura layi ɗaya na ƙafa, da wani gurbi guda a kusurwa wanda fallensa ke kan tsinken Rediyo. Wata safiya Akawu ba ta ji tarin maƙwabciyarta ta bango ba, ba ta ji ƙarar butar shayi ba. Ta ɗauki makullin ɗakin Rediyo da ke ajiye wurinta ta buɗe. A ƙasan kicin ta same ta, ido biyu, baki a karkace.

Shanyewar ɓarin jiki ne, na dama. Hannu ya tafi, ƙafa ta tafi, harshe ma ya bi su. Cikin duk maganar da Allah ya hore wa wannan baiwar tasa, kalma ɗaya tak aka bar mata: "Haba." Da ita take neman ruwa, da ita take korar likita.

Akawu ta je asibiti. Ta tarar da wata yarinyar nas tana goge wa Rediyo yawu a haɓa, tana ce mata "yauwa Mama, yauwa," da muryar da ake lallashin yaye. Matar da ta juya marasa lafiya ba iyaka, ta wanke su, ta yi musu tsawa, yau ita ake juyawa. Suna haɗa ido, Rediyo ta mai da fuska bango. Akawu ta tsaya riƙe da jakarta. Ta ce sannu. Ta sake cewa sannu. Iyakar abin da ke cikin rumbunta ke nan, domin shekara da shekaru ba ita ke kawo magana ba, karɓa kawai take yi. Zuwa na biyu ma bango aka nuna mata. A bakin ƙofa injiniyan ya ce, "Mama, ki ɗan ba ta lokaci. Ba ta son a gan ta haka." Akawu ta ce to. Ta ji ciwon abin, ta kuma ji tsoro, ta haɗa su biyun ta kira su kawaici. Da aka sallami Rediyo ɗanta ya wuce da ita gidansa, Akawu ba ta bi sawu ba.

Shiru iri-iri ne, kuma Akawu ta ɗauka ta san shi, tunda da shi aka san ta. Ashe shirun da take yi a da, shiru ne a gefen surutun wani, mai daɗin zama. Wannan na yanzu ba shi da gefe. Tana jin gurnanin firji. Tana jin famfon banɗaki yana ɗiga. Da la'asar takan tsinci kanta ta jawo kujera ta biyu gefen taga, sannan ta tsaya tana kallonta, kunya ta kama ta ko da yake babu mai gani. Kewa ta dame ta ƙwarai, ba ta kuma da wanda za ta gaya wa, don wadda ake gaya wa ita ce ba ta nan.

Sai ta ce bari ta gama bargon ita kaɗai. Ta saƙa falle huɗu na layin ƙafa, ta ɗinke su. Furen ya ƙi kwanciya. Gefunansa suka tashi, tsakiya ta lotsa, ya zama kwano, har kana iya zuba gyaɗa a ciki. Ta jiƙa shi ta danne da littattafai, ya bushe ya koma kwanonsa. Ta sayo tsinke mai kauri, fallen ya ƙara girma amma taurin na nan, idanun a jere reras kamar layin tafireta. Ta gwada sassauta yatsu da gangan, kafin ta kai tsakiyar layi hannun ya koma halinsa. Ta yi ta saƙa da warwara, a hannu da a zuci. 'Yarta ta ce a waya, "Mama, bargo ne fa. Ga su nan a kasuwa kala-kala, ki huta mana." Akawu ta ce to, ta tambayi lafiyar yara.

Ana nan sai wata rana ta ji ana jan kaya a ɗakin da ke kallon nata. Ta leƙa. Injiniyan ne da masu ɗaukar kaya, ƙofar a wangale, labulen Rediyo mai ruwan goro a naɗe a ƙasa. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ɗana, ina za a kai kayan?"

"Mama, ai da ma zan shigo. An yi mini canjin wurin aiki, can ƙarshen layin dogo. Ƙarshen watan nan za mu tashi, da ita za mu tafi. Ɗakin kuma mai gida ya riga ya samu masu so."

"Da nisa?"

"Da nisa, Mama. Ga sanyi kuma an ce."

"Jikin nata fa?"

Ya sosa ƙeya. "Jiki da sauƙi. Zuciyar ce. Ko abokan aikinta da suka zo, bango ta ba su. Matata tana iya ƙoƙarinta, amma kin san hali." Ya shiga ciki ya fito da jakar ulu. "Wannan na ga kamar naku ne ku biyu."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta so ta ce a gaishe ta, ta so ta ce abubuwa da yawa, amma abin da ya fito shi ne Allah ya ƙara sauƙi. Ta rufe ƙofa ta jingina da ita. Ƙarshen wata ba nisa, kuma ta sani sarai, a shekarunsu, wanda aka kai ƙarshen layin dogo ba a cika sake ganinsa ba.

A cikin jakar akwai dunƙulen ulu, da kofin nan babba, da tsinkayen Rediyo na ƙarfe, ɗaya ya ɗan lanƙwashe tun ranar da ta zauna a kansa. Fallen ƙarshe na rataye a jiki, an yi rabi. Akawu ta kai shi gefen taga ta sa tabarau, tana so ta ga yadda hannun nan yake yi, ko ta kwaikwaya. Sai ta lura da abin da ba ta taɓa lura da shi ba. Layukan ba ɗaya ba ne. Wasu a matse suke, kusan kamar nata. Wasu kuma sun saki jiki har yatsa na iya shiga. Ta bi su da farce tana tunani. Waɗannan matsattsun, ai ranar da haƙori ya hana Rediyo magana ne. Wannan wurin da ya baje, ranar da take ba da labarin yadda mai gida ya maƙale a banɗakin hawa na biyu ne. Ta tuna yadda take yi: ta saki zaren ta ɗaga hannu sama, ta tafa, ta nuna tsayin mutum da faɗin cikinsa, sannan ta lalubo zaren ta ci gaba ba tare da ta ja shi ba.

Ashe ba hannun Rediyo ne sako-sako ba. Hira ce take shiga tsakanin idanun. Akawu ta shimfiɗa bargon a gado ta yi ta dubawa, fure bayan fure, duk zamansu na nan a ciki. Babu tsinken da za a sayo a kasuwa ya yi wannan aiki.

Ta zauna ta sake wa bargon tsari. Layin ƙafa ta yafe shi, su biyun gajeru ne, wa zai rufa da shi? Adon baki mai haƙora-haƙora da suka shirya yi masa, shi ma ta yafe. Kwanonta na falle huɗu ta farke shi ta jefa a jaka. Saura gurbi ɗaya a kusurwa, kuma mai fallen tana ɗaya gefen gari tana kallon bango. Washegari ta naɗe bargon ta cusa a babbar jaka, ta hau bas, ta riƙe shi a cinya kamar za a ƙwace.

Surukar Rediyo ce ta buɗe ƙofa, yarinya mai fara'a da idanun wanda bai samu barci ba. Falon cike da kwalaye.

"Sannu da zuwa, Mama. Sai dai fa… kin san ba ta son…"

"Ba wurinta na zo ba, 'yata. Tagarku na zo aro, tawa ba haske."

Yarinyar ta dube ta, ta dubi jakar, ta kauce.

Ɗakin ƙarami ne, gadon siriri mai ƙarfe a gefe, warin man zafi ko'ina. Rediyo ta rame, gashinta ya yi fari fat, ba wanda ya san tana rina shi sai yanzu. Tana ganin mai shigowa ta juya bango. Akawu ba ta ce sannu ba, ta riga ta ga inda sannu ta kai ta. Ta jawo kujera gefen gadon, ta zaro tsinkayen ƙarfen nan da rabin fallen, ta fara saƙa. Ƙas, ƙas, ƙas. Mai abu ya san ƙarar abinsa. Kafaɗar da ke kallon bango ta motsa.

"Ƙarasa miki zan yi," in ji Akawu, ba ta ɗaga kai ba. "Zai fito kamar katako, amma ya za a yi. Mai shi ta yi fushi."

Ƙas, ƙas. Ta ƙara matse zaren da gangan har tsinken na ƙara.

"Haba!"

Rediyo ta juyo, ido jawur. Ta miƙo hannun hagu ta fizge zaren daga yatsun Akawu. Suka tsaya, tsinkaye a hannun wannan, zare a hannun waccan. Akawu ta gyara kujera suka fuskanci juna, yadda hagun Rediyo ya zo daidai damanta. Ta soka tsinke a ido ta jira. An daɗe. Sannan hannun hagun nan ya zagayo da zaren ya naɗa. Akawu ta zaro ido. Ta sake sokawa.

Suka yi layi ɗaya da ƙyar, kuma ya fi na Akawu tauri. Rediyo ta damƙe zaren kamar wuyan maƙiyi, ta cije leɓe, gumi a goshi. Akawu ta dubi layin, ta san abin da ya rage, ta kuma san ba mai kawo shi sai ita. Ta yi gyaran murya.

"Mai gadin benenmu ya aske gemu."

Ta ji kanta kamar mai karanta sanarwar yanke ruwa. Ta daure.

"Ba da son ransa ba. Ya je wurin mai askin ƙasan bene a rage masa kaɗan. To matar hawa na biyu, mai kyanwa, ta shanya zanen gado a baranda ba ta sa maƙali ba. Iska ta kwaso shi jiƙe sharkaf, ya sauko ya rufe mai aski da mai gadi gaba ɗaya. Mai aski ya zabura, injin na hannunsa a kunne. Da aka yaye zanen, rabin gemu ya tafi." Ta soka tsinke. "Kwana biyu yana gadi da hannu a kunci, wai haƙori."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Rediyo, kamar tari, kamar kuka. Dariya ce, ta ɓari ɗaya. Ta saki zaren, ta ɗaga hannu sama ta buga katifa. "Haba! Haba!" Yawu ya gangaro mata a haɓa. Akawu ta zaro hankici ta goge shi tana ci gaba da magana, kamar ƙura ta share a tebur: "Ita kuma mai kyanwa ta sauko neman zanenta, wai a biya ta wanki." Rediyo ta tsaya cak da ta ji hankicin. Ta dubi ƙawarta. Akawu ba ta dube ta ba, tsinke kawai ta soka ta jira. Fuskar ba ta koma bango ba. Hannun ya lalubo zaren ya naɗa, bai ja ba, idon ya fito da faɗinsa.

Kwanakin da suka rage, kullum da la'asar Akawu na kan bas. Saƙar mutum biyu da hannu uku ba ta sauri. Labarin bene ya ƙare mata tun ba a je ko'ina ba, ta koma na ofishin ruwa, da shi ma ya ƙare ta shiga ƙarya tsagwaronta, ta aurar da mai gadi ga mai kyanwa. Rediyo ta gane, ta harare ta: "Haba." Maƙogwaron Akawu ya dushe, surukar na kawo mata ruwan zafi tana mamaki, don an gaya mata matar nan ba ta magana.

Ana gobe tafiya suka rufe idon ƙarshe. Akawu ta ɗinke fallen a gurbinsa, ita da surukar suka baza bargon a kan Rediyo. Ya yi kyau, ba a magana. Amma na babban gado ne, ya zubo ta gefe biyu yana jan ƙasa.

"Sai a riƙa ninka shi biyu," in ji surukar.

Rediyo ta shafa furannin, ta shafa, sannan ta tattaro bargon da hannu ɗaya ta tura shi cinyar Akawu.

"A'a," in ji Akawu. "Ke za ki garin sanyi."

Rediyo ta sake turowa. Ta nuna Akawu da yatsa, ta nuna ƙasa. Ba sai an fassara ba: wadda aka bari.

"Kar ki kawo mini wannan. Wa aka bari? Ni ina da ƙafafuna, ina da…" Ta rasa abin da take da shi. Ta tuna kujera ta biyu a gefen taga. "To ni aka bari. Na yarda. Ke kuma da za a kai inda ba wanda ya taɓa jin muryarki, ke ba a bar ki ba?"

Surukar ta sulale ta fita. Suka zauna, bargon a tsakaninsu, kowa na kallon wani wuri. Can Rediyo ta jawo shi, ta ɗora yatsa a kan ɗinkin da ya ratsa tsakiyarsa daga sama har ƙasa, ta bi shi a hankali. Ta ɗaga yatsu biyu ta buɗe ta rufe.

"Ba ki da hankali," in ji Akawu. "Fure biyar ne a faɗi. In aka raba tsakiya, ta cikin na ukun za a bi. Duk layin nan rabi-rabi zai koma. Wa ya taɓa ganin bargo da rabin fure a baki?"

"Haba," in ji Rediyo, a hankali, yadda ake ce wa yaro ya sha magani.

Akawu ta kira surukar ta kawo ƙaramin almakashi. Ba saƙar ta yanka ba, zaren ɗinkin kawai ta riƙa tsinkewa tana zarewa, Rediyo na riƙe mata gefe. Furannin tsakiya suka riƙa rabuwa ɗaya bayan ɗaya, ganye biyu nan, ganye biyu can. Da ta kai rabi ta lura: saboda a gicciye suka jera su, kowane rabin fure falle ɗaya nata ne, ɗaya na Rediyo. Ba wanda ya tashi, ba wanda ya lotsa. Ta nuna mata. Rediyo ta gyaɗa kai kamar da ma ta sani, alhali ƙarya ne, yanzu ta gani ita ma.

Rabin ya rufe siririn gadon daidai. Ba su yi doguwar sallama ba. Akawu ta ajiye babban kofin a kan durowa, Rediyo ta kama wuyan hannunta ta riƙe har sai da ya yi zafi. A bakin ƙofa surukar ta ce, "Mama, in mun natsu zan riƙa bugo miki da la'asar in sa mata a kunne. Sai dai ke za ki yi maganar."

"Na sani," in ji Akawu.

Gadonta babba ne, na aure, amma tun rasuwar maigidan gefe ɗaya take kwana. Rabin bargon ya ishi gefen. Ta juya bakin mai rabin furanni wajen da ba kowa.

Sababbin maƙwabta suka tare, miji da mata masu fita da sassafe su dawo da duhu, ƙofarsu kullum a kulle. Wayar ba ta zo a makon farko ba, ta san tashi da wuya, sauka ma da wuya. Amma ba ta so a bugo a same ta hannu wofi. Ta fara sauka ƙasa da hantsi tana zama a bencin mai aski, ita da ko gaisuwa a taƙaice take yi, tana tsintar labari. Da la'asar ta jawo kujera ta biyu ta ɗora wayar a kai, ta ɗauki ragowar ulu don kada hannu ya zauna banza, ta riƙa bitar abin da za ta faɗa da ƙarfi. Ta gaya wa kujerar yadda gemun mai gadi ya fara tsirowa ɓari ɗaya ya fi ɗaya. Ta nuna da hannu. Ta tafa.

Ran da fallen da take saƙawa ya sauka daga tsinke ta ɗaga shi a haske, ta tsaya. Ya baje, yatsa na shiga idanunsa. Ta buɗe jaka ta ɗauko ɗaya daga cikin matsattsun nan huɗu da ta saƙa lokacin shiru, ta jera su gefe da gefe a cinyarta, ta kama bakinsu da allura. Suka kwanta luf. Yanzu ita kaɗai ma tana iya haɗa fure.

A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar asibiti. Da ta gama ta share fuska, ta duba wayar ko da caji, ta mai da ita kan kujera.